WA YA SA MIN KUNNE A ƊAKI?

Shafi na 19

Masu turo min saƙo tun da sassafe ana "Anti shiru muka ji", ku sarara min, wayata ce ta mutu sai da na kai ta caji bakin kasuwa. Wannan shafin naku ne ku da kuka cika kwament da zagin Naja'atu. Ku karanta a nutse, sannan ku dawo mu haɗu.

*

Tun fitar Muhsina daga gidan jiya, Naja'atu ba ta sa komai a cikinta ba. Magana ɗaya ce ke mata yawo a ka.

Maciya amana.

Ita? Ita Naja'atu?

Muhsina, aminiyarta tun suna firamare, ita ta tsaya a tsakiyar ɗakin nan ta nuna ta da yatsa. Maganar aikin da aka yi wa Muhsina a mahaifa, wanda likita ya ce haihuwa za ta iya yi mata wuya, a ɗakin nan aka yi ta, ƙofa a rufe, su biyu rak. Yau ga maganar a bakin dangin Mudassir, saurayin Muhsina da aka sa musu rana. Har gwaggonsa Kubura ta aiko wai a ɗan dakata da maganar biki tukuna.

Sallamar Malama Halima Sadiya ce ta katse mata tunani. Tare suke koyarwa a makarantar 'yan mata a nan Gaya, ita ke ɗaukar darasin kwamfuta. Ko mayafi ba ta cire ba ta ce,

"Na ji saƙonki. Kuka ba zai yi ba, zauna ki tuna min. Ranar da Muhsina ta faɗa miki, wa ke kusa?"

"Ni da ita sai Allah."

"Taga fa?"

"A rufe. Sadiya, kar ki ƙara min zafi, na ce miki babu kowa!"

Sadiya ta juya ido a ɗakin, ya tsaya a kan tebur. Laftof ɗin marigayi mijin Naja'atu ce a buɗe, karatun Alƙur'ani na fita a hankali. Tun rasuwarsa haka take kunna ta daga safe har yamma, don shirun gidan nema yake ya haukata ta.

"Waccan fa? A kunne take ranar?"

"Kullum a kunne take. Sai me?"

Sadiya ta ɗora tafin hannu a ƙasan laftof ɗin, ta janye da sauri.

"Kai! Wannan ai sai a gasa masara. Karatu kaɗai take yi take huci haka?"

"Ta jima da fara hakan. Ga shan data kamar an huda tulu."

"Tun yaushe?"

"Tun ina takaba."

Sadiya ta ja kujera.

"Kashe datar wayarki da take ja. Yanzu-yanzu, kar ki tambaye ni dalili."

Naja'atu ta kashe.

Sadiya ta shiga saitin kwamfutar, wajen da ke nuna manhajojin da suka yi amfani da makirfo. Ta ƙara matsawa kusa da gilashin.

"Zo ki gani. Kin san wannan?"

Wani suna ne da Turanci, mai kama da sunan kayan sauti na kwamfuta.

"Ban sani ba."

"Nima da nake koyar da abin ban san shi ba. Amma duba gefensa. Yana amfani da makirfo a halin yanzu. Maganar nan da muke yi, naɗa yake."

Naja'atu ta ji kamar an watsa mata ruwan randa. Ta kai hannu za ta rufe murfin da ƙarfi, Sadiya ta riƙe ta.

"A'a, ba da duka ake kama shi ba. Tunda ba intanet, babu inda zai kai. Bari mu ga ta inda ya shigo."

Ta buɗe Windows Defender, mai gadin da ke zuwa da kwamfutar kyauta. Sai ta saki wata dariya marar daɗi.

"Lallai! Kin ga nan? An ce wa mai gadi ya bincika ko'ina amma kar ya leƙa wannan folda. Wannan ba bairos ba ne da kika kwaso a intanet, Naja'atu. Mutum ne ya zauna da hannunsa ya dasa shi, ya kuma ja wa mai gadi kunne."

"Wane tsinanne ne?"

"Za mu zo nan."

Ta cire wancan umarnin, ta kashe kwamfutar ta sake tashinta a sef mod, inda ba abin da ke tashi sai kayanta na dole. Ta zaro fulash daga jaka.

"Malwarebytes ne a ciki, maganin bairos na kyauta. Kar wani mai shago ya ce miki sai kin saya, wannan ya isa."

Ta sa shi, ta danna sikan don ya bincika kwamfutar. Layi ya fara tafiya a hankali, Naja'atu kuwa ta kasa zama. Ta je bakin ƙofa ta dawo, ta je ta dawo.

Wato duk watannin nan. Kukan da ta sha ita kaɗai. Sambatun da take yi wa marigayi kamar yana ji. Matan unguwa da ke zuwa su zube mata cikinsu don sun san bakinta a rufe yake. Duk akwai wani ƙato da ke kwance yana saurare!

"Ya fito," in ji Sadiya.

Sunaye ja, ja, ja, sun jeru a gilashin.

"Goge su! Goge min su duka!"

"Tsaya mana. Ɗauki hoto tukuna, in kin goge da me za ki wanke kanki? Ɗauki har da nan ƙasa, ranar da aka sa shi."

Naja'atu ta ɗaga waya. Idonta ya sauka kan kwanan watan. Wayar ta kusa suɓuce mata.

Watan farko na takabarta ne. Ba ta manta ba. Ƙanenta Gwadabe, mai gyaran waya a Ajingi, ya sake zuwa gaisuwa ya ce, "Yaya, kawo laftof ɗin nan in wanke miki ita, na ga ta yi nauyi." Ya tafi da ita, ya dawo da ita washegari har da sabon caja. Har albarka ta sa masa.

"Gwadabe," ta ce, muryarta can ƙasa. Sai ta ɗaga. "Gwadabe! Yaron da na goya a bayana!"

Sadiya ta koma kan kwamfutar. Ta danna aka killace duk abin da aka kamo, ta goge, sannan ta sa Defender ya sake bincike irin wanda yake yi kafin kwamfuta ta gama tashi. Da ta dawo, ta sake duba wajen makirfo. Wayam.

"Ta fita tas. Ki canza duk fasuwod ɗinki, wato lambobin sirri, amma daga waya, ba daga nan ba. Sai dai in gaya miki gaskiya."

"Faɗi."

"Kunnen na toshe. Abin da ya riga ya ji, ya tafi. Wannan ba manhajar da za ta dawo da shi."

"Har na jiya?"

"In da data jiya, har na jiya."

Innalillahi. Jiya da Muhsina ke zazzaga faɗa, cikin kuka ta faɗi abin da ya fi na farko nauyi: shi Mudassir ya san komai tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, su biyu suka shirya su ɓoye wa danginsa. Ta kuma kira Gwaggo Kubura munafukar tsohuwa. In wannan ya fita, ba dakatawa ba ce kuma, auren ya mutu murus.

Naja'atu ta danna kira. Sai da ta kusa katsewa aka ɗauka.

"Me kuma?" in ji Muhsina.

"Sa mayafinki ki fito titi. Na gano ta inda maganarki ta fita."

"Ai na san ta inda ta fita."

"Muhsina, wallahi tallahi, na rantse da Allahn da ya halicce ni, duk mai hannu a cikin wannan abu sai na tsaya a gaban dangin Mudassir na kira sunansa da bakina. Ko waye!"

Sadiya ta dafa mata kafaɗa. "Ke, ba a rantsuwa kafin a ji ƙarshen magana."

"Na riga na yi."

*

A a-daidaita-sahu ɗaya suka zauna, kowa ta juya fuska gefenta. Naja'atu ta miƙa mata hotunan, ta yi bayani a gajarce. Muhsina ta duba, ta mayar mata da wayar.

"Sai na ji da kunnena," ta ce. A haka suka isa Ajingi.

Gwadabe na sunkuye kan wata waya da ya farke, ya ɗago ya washe baki.

"A'a, Yaya! Yau ke ce a..."

Ta dangwara masa hoton a fuska.

"Mene ne wannan?"

Murmushin ya bushe. Ya kalli hoton, ya kalli Muhsina da ke tsaye bakin shago, ya kalli ƙasa.

"Yaya, shigo daga ciki don Allah, mutane na kallo."

"Su kalla! Kai da ka sa duniya ta saurare ni, yau kake jin kunyar ido? Kai ka sa ko ba kai ba?"

"Ni na sa."

Tas! Ba ta san lokacin da hannunta ya tafi ba.

"Ɗan iska! Ina takaba, ina kukan mijina, kai kana kwance kana jin daɗi? Me na yi maka? Me Muhsina ta yi maka da za ka kashe mata aure?"

"Wallahi Yaya ban taɓa saurara ba. Ko sau ɗaya. Ba wayata yake zuwa ba."

"To wayar uban wa yake zuwa?"

Ya dafe kunci, ya ja ta can ƙuryar shago bayan labule, ya rage murya.

"Tsohuwar wayata ce. Tana can gida Toranke."

"Wajen wa?"

Ya kau da fuska.

"Gwadabe, zan tara maka kasuwar nan!"

"Wajen Inna."

Naja'atu ta tsaya tana kallonsa kamar ya yi wani yare.

"Wace Innar?"

"Innarmu mana, Yaya."

Inna Karimatu. Matar da tunda ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba, saboda ita ce 'yar fari. "Waccan." "Yarinyar nan." Matar da ta zo gaisuwar mutuwa ta zauna bakin ƙofa, ta kalli bango ta ce "sai haƙuri", ta tashi ta tafi. Naja'atu ta yi kukan wannan zuwan fiye da yadda kowa ya sani.

"Ƙarya kake. Inna ko ina raye ko na mutu bai dame ta ba."

"Yaya, da muka dawo daga gaisuwar nan Inna daina cin abinci ta yi. Kullum sai ta tsare ni: waccan tana ci kuwa? Waccan tana barci? In na ce lafiya lau kike sai ta ce ƙarya nake, ta ga idonki. Rannan ta riƙe min riga tana hawaye, ta ce ku da kuka san kan waya, ba yadda za a yi in dinga jin motsinta ba tare da ta sani ba? Ni kuma... na ga ba wani abu ba ne. Muryarki kawai take so."

"Ba ta da baki ne? Ba za ta iya tambaya ta ba?"

"Kin san ba za ta iya ba. Kunya..."

"Kunya! Kunyar ta ce min 'ya kike' take ji, amma ba ta jin kunyar sa min kunne a ɗaki? Wace irin kunya ce wannan, Gwadabe? Na gama takaba ina ganin ba ni da uwa, ashe uwar tana can tana jin kukana a waya kamar wasan rediyo!"

Hawaye ya zubo mata, ta goge da ƙarfi, don haushinsa ma take ji.

"To na ji. Ita ta saurara. Inna ba ta da surutu, ko da maƙwabta. Ya aka yi magana ta fita?"

Gwadabe ya sosa ƙeya.

"Kin san kunnenta ya yi nauyi."

"Sai aka yi yaya?"

"Ta ce ba ta ji sosai. Sai na haɗa mata da 'yar sifika."

"Sifika."

"Na ɗauka a ɗaki take kunnawa, wallahi. Sai shekaranjiya da na je na tarar... a tsakar gida take ajiyewa, tana ɓarar gyaɗa. Ita a ganinta a hankali yake fita. Ta ma ce min bana Allah ya haɗa ta da mutanen kirki, kullum gidan cike da masu taya ta ɓara, ba ta gayyaci kowa ba."

Naja'atu ta dafe bango. Gidan Gwaggo Kubura katanga ɗaya ce ta raba shi da nasu a Toranke.

"Ka gani shekaranjiya, ka yi shiru?"

"Na ce in na samu sarari zan je in karɓe..."

"Allah ya isa tsakanina da kai. Wane lokaci take kunnawa?"

"In ta idar da azahar."

Daga masallacin kasuwa aka sallame sallar azahar.

Naja'atu ta fito a guje. Muhsina ta tare ta.

"Wa ya ce yake saurare?"

"Muhsina, ki koma Gaya. Zan zo in same ki, in yi miki bayanin komai."

"In koma? Ɗazu kike rantsuwa kamar za ki tsaga ƙasa, yanzu kuma in koma? Wa kike rufa wa asiri?"

"Don Allah..."

"Ƙafata ƙafarki."

Naja'atu ta tsayar da mai babur, kafin ta gama zama Muhsina ta haye bayanta.

"Toranke. Malam, ka yi gudu don girman Allah."

*

Tun daga zaure suka ji.

Muryar Muhsina ce, tana fita rau kamar ta gidan biki, tana kuka tana faɗa: "...maciya amana kawai! Na ɗauke ki 'yar uwa ashe..."

Muhsina ta ƙame. Ta riƙe bangon zauren.

Naja'atu ta faɗa tsakar gidan ko sallama babu.

Mata sun kewaye tabarma, kowacce da tire a cinya, hannuwa sun tsaya cak a kan gyaɗa, baki a sake. Ga Gwaggo Kubura a sahun gaba, har ta karkato kai don kar wata kalma ta wuce ta. A tsakiya Inna Karimatu ce, ta ba ƙofa baya, ta sunkuya kan 'yar baƙar sifika, ta kare kunne da tafin hannu.

Muryar ta ci gaba: "...kuma shi Mudassir ɗin da ake zuga danginsa, ai tun kafin a kawo kuɗin gaisuwa ya..."

Naja'atu ta tsallake tire biyu, gyaɗa ta watse, ta fizge sifikar ta buga da ƙasa. Ta yi tsit.

"Ya me?" Gwaggo Kubura ta miƙe tana karkaɗe zani. "Tun kafin a kawo kuɗin gaisuwa ya me? A ƙarasa mana!"

"Ku ji tsoron Allah!" Naja'atu ta juya kansu. "Ku ji tsoron Allah! Kun ga tsohuwa ba ta ji, kuka mayar da gidanta gidan kallo? Ba wadda ta iya ce mata Inna rage murya? Gyaɗar kuka zo ɓara ko mutuncin mutane?"

Kowa ta sunkuyar da kai, ban da Gwaggo Kubura.

Inna ba ta ji ko ɗaya ba. Lalube take a tabarma inda sifikar take, ranta a ɓace.

"Wa ya kashe min? Haba jama'a. Tun ɗazu wata ce ke ta surutu, ita ban ji muryarta ba. Ban ji ko ta karya ba yau."

Maganar ta daki Naja'atu a ƙirji. Duk faɗan da ta ɗauko tun daga Ajingi ya bi iska.

Muhsina ta tako a hankali har ta tsaya kusa da ita. Idonta jajur, amma muryarta ba ta rawa.

"To ga dangin Mudassir nan, Allah ya kawo miki su har gida. Kin rantse da wanda ya halicce ki, Naja'atu. Kira sunan."

"Muhsina..."

"Kira sunan wadda ta kashe min aure."

Sai a lokacin Inna ta lura da inuwa a kan tabarma. Ta juyo a hankali. Ta ga fasasshiyar sifika, ta ga matan da suka sunkuyar da kai, ta ga Muhsina tana huci. Sannan ta ɗaga ido ta sauke shi kan 'yarta ta fari, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba. Ta kalli wuyan da ya zurma, ta kalli ƙasusuwan kafaɗa.



"Naja'atu," ta ce. "Kin rame."

Muhsina ta ce, "Muna jiranki."